Anti Talatu da Matar da Na Ƙi Yi wa Tafinta

Ranar Laraba da hantsi ina kwance a falo da littafin soyayya a hannuna, saura shafi kaɗan masoyan su shirya, sai maigidana ya kira ni a waya. Ya ce, "Anti Talatu ta rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin hawaye su zo mini, kunya ta riga su.

Anti Talatu maƙwabciyarmu ce a unguwar Rayfield da ke Jos, ma'aikaciyar jinya. Ta yi shekaru tana aiki da wata ƙungiyar agaji a sansanonin 'yan gudun hijira na ƙasashe daban-daban. Da ta dawo Jos ba ta huta ba. Kowace Asabar takan bi motar asibitin tafi-da-gidanka zuwa rugage da ƙauyukan da babu likita, da takalminta na roba da busasshen biredi a jaka. Idan mara lafiya ta durƙusa tana godiya, takan ɗaga ta ta ce, "Tashi, 'yata. Haƙƙinki ne, ba alfarma na yi miki ba." Idan aka tambaye ta ko Musulmi ta duba yau ko Kirista, sai ta ce, "Ban lura ba, zazzaɓinsu na auna."

Ni kuwa a ruga aka haife ni. Da aure ya kawo ni gari sai na ɓoye wa ƙawayena asalina, domin ina so in zama irin matan cikin littattafaina, masu turare da lallausan hannu. Gindin katanga nake zagayawa in yi waya da Innata da Fillanci. Ta nan Anti Talatu ta ji ni.

Ta same ni ta ce, "Amarya, direbanmu ne yake yi mana tafinta, matan ruga kuwa ba za su faɗa wa namiji ciwonsu na mata ba. Mace nake nema." Na ce sai na tambayi maigida. Ban tambaye shi ba.

Wata rana ƙawayena suna falona muna musayar littattafai, sai ta yi sallama. A bayanta akwai wata Bafillatana da ba ta girme ni ba, da jariri a goye, leɓunanta sun yi fari.

"Amarya, taimaka ki tambaye ta tun yaushe jinin yake zuba."

Ƙawata Zainab ta yi dariya ta ce, "Haba Anti, wannan 'yar gayun ina ta san Fillanci?"

Na ce, "Wallahi ba na ji, Anti."

Da alama matar ta tsinci tambayar Anti, domin ta dube ni, ta ce a hankali da harshen Innata, "Kwana shida ne." Na ji ta sarai. Na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwali.

Anti Talatu ta ce, "To, ba komai. Ku yi haƙuri mun katse muku hira." Ta kama hannun matar suka fita.

Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Gaisuwarta ba ta canja ba, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ma ita ta shigo ta yi mini allura. Ni kuma na kasa buɗe baki in tambaye ta ko matar ta rayu. A gidan ta'aziyya na ja 'yarta Maryam gefe na kwatanta mata matar. Ta ce, "Wacce daga ciki? Suna da yawa."

Allah Ya jiƙan Anti Talatu, Ya haskaka kabarinta, Ya sa kowace tafiya da ta yi zuwa ruga ta zame mata haske. Allah Ya ba Maryam da ƙannenta haƙurin rashinta, Ya yafe mini rantsuwar ƙaryar da na yi.

Jiya na tambayi maigida, ya amince. Na faɗa wa Zainab inda aka haife ni. Ranar Asabar zan bi motar a matsayin tafinta.