Tambaya ta Biyu

Bangon da ya raba aji huɗu da ofishin hedimasta bai kai rufi ba. Magina sun bar tazarar kamu ɗaya a sama, wai don iska, kuma ta nan muryar Baffa ta faɗo cikin ajin tun kafin a kaɗa ƙararrawa.

"Karatu na kawo ta ta yi, ko tonon silili?"

Malama tana durƙushe a kan siminti da alli a hannu, tana zana rafi. Ta dakata. Ko cikin kasuwa aka jefa muryar nan za ta tsince ta, don ta ƙanin mahaifinta ce. Hedimasta, wanda malamai ke kira Ba Komai saboda ko gobara aka kawo masa abin da zai ce ke nan, yana ta ba shi haƙuri. Baffa bai saurara ba. Ya ce jiya jikarsa ta hana shi cin abinci da tambaya. Ya ce shi yana cikin kwamitin iyaye, kuma idan aka sa yarinyar nan ta buɗe baki yau a gaban jama'a, malamar ta fara ɗaure kayanta, akwai makarantun da mota ba ta zuwa.

Malama ta ƙarasa rafin. A gwiwarsa ta zana wata tsamiya, kamar yadda ta saba.

Shekara goma sha bakwai ke nan tana koyar da darasin zamantakewa, kuma da wannan rana aka san ta, har ake ce mata Mai Taswira. Ana jibi hutun girbi sai a tura bencina jikin bango, ta zana garin a ƙasa: rafi, titi, kasuwa, gonaki. Kowane yaro ya zo da ƙullin abin da aka girbe a gidansu, ya ajiye a inda gonarsu take. Wanda ba su noma ya kawo alamar sana'ar gidan. An taɓa samun 'yar mai faci da ta ajiye guntun tayar keke a bakin titin alli, ta ce bana ƙusa ta yi albarka. Iyaye kan cika tagogi suna kallo. Tambaya uku take yi wa kowa. Wa ya noma? Wa ya noma kafin shi? Da su wa kuke iyaka?

Da farko tambayoyin biyu ne. Ta tsakiyar ta shigo ne a shekarar da babban ɗan Baffa ya yi aure. Ta gaya wa sufeton makarantu cewa tarihi ne, yaro ya san ba daga sama gona ta faɗo ba, sufeto ya yaba har ya rubuta a takarda. Kuma gaskiya ne, tarihin ne. Tsofaffi kan zo taga musamman don su ji jikokinsu sun ambaci sunan wanda ya daɗe a ƙasa. Sai dai akwai wata gaskiyar a ƙarƙashin wannan, wadda ko kanta ba ta cika gaya wa ba.

Tana da shekara goma sha ɗaya mahaifinta ya rasu, ya bar 'ya'ya mata uku da gonar gindin tsamiya. Baffa ya ce zai riƙe musu kafin su girma. Sun girma, sun yi aure, har furfura ta fara leƙo wa babbarsu, riƙo bai ƙare ba. Duk shekara yakan aiko da buhu ɗaya, Inna mahaifiyarsu kuma ta tasa su gaba su je su durƙusa su yi godiya. Ba ƙwacen ne ya fi ci mata rai ba, godiyar ce. Inna ta ce a bar wa Allah, aka bari. Malama ba ta taɓa kai ƙara ba, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ko a hanya suka haɗu sai ta rusuna. Tambaya ɗaya kawai ta ƙara a darasinta, ta zauna jira a haifi yaro a gidan, ya yi wayo, ya iso aji huɗu.

Bana da aka zo rabon azuzuwa, aji huɗu biyu ne. Ta roƙi a ba ta na kusa da ofis, wai gwiwarta ba ta son matakala. Ba Komai ya ce ba komai. Ta riga ta ga sunan da ke cikin rajistar ajin.

Jikar Baffan, saboda surutu, Aku ake ce mata. Yau ita ta fara shigowa, kuma shiru. Ta zo ta tsaya a bakin rafin alli da ƙullin shinkafa a hankici, ta tambaya ko ana rage wa mutum maki idan bai san amsa ba. Ta ce ta tambayi kakanta wa ya noma kafin shi, ya ce ta ci abincinta, ta sake tambaya ya ture kwano ya tashi. Ta tambayi babanta ya ce shi ma tashi ya yi ya gani.

"Sai kakata ta ce in tambaye ki, Gwaggo, wai ke kin sani. Ki gaya mini in faɗa."

A makaranta ba ta taɓa kiran ta Gwaggo ba sai yau.

Malama ta ajiye allin. Abin da ta yi shekaru tana haƙa wa rami ga shi ya zo da ƙafarsa. Suna ɗaya ne, na mahaifinta. In ta raɗa mata shi, Aku ba ta iya riƙe magana ba, za ta faɗa da ƙarfi, da alfahari, tagogi cike da mutane. Maganar canja mata makaranta ba ta dame ta ba sosai. Wanda ya wuni a rana ba ya tsoron a ce za a hana shi inuwa. Abin da ta kalla shi ne wuyan yarinyar, siriri, da hodar da uwarta ta shafa mata ba ta baje ba. Bayan an tashi, wannan wuyan ne zai koma gidan. Ita za a riƙa nunawa a ce ga wadda ta tsinka kakanta a bainar jama'a.

"Je ki zauna," in ji ta. "In an zo kanki za ki ji."

Aka kaɗa ƙararrawa. Aji ya cika da ƙamshin sabuwar masara da ƙurar wake. Tagogi suka yi duhu da kawuna. Baffa bai tsaya a taga ba, ya ja kujerar hedimasta ya dasa a bakin ƙofa, ya ɗora haɓa a kan sandarsa.

Daga saman rafi ake farowa, Aku ce ta bakwai. Amma Malama ta san ba a ta bakwai za a yanke maganar ba. In ta yi wa ta farko tambayar, dole ta yi wa kowa. In ta tsallake Aku kaɗai, tsallakewar ta fi tambayar ƙara.

Ta farko 'yar mai shayi ce, ta ajiye gyaɗarta. Wa ya noma? Babana. Yarinyar ta ja numfashi, ta gyara tsayuwa, sunan kakan kakanta na kan harshenta, kwana uku tana haddarsa.

"Da su wa kuke iyaka?"

"Malama, kin tsallake."

Aji ya fashe da dariya. Malama ta ce bana biyu ne, lokaci ya ƙure. Wata tsohuwa a taga ta ce ita fa ƙafa ta tako don ta ji sunan marigayi, in babu a gaya mata ta koma ga tukunyarta. Darasin ya ci gaba salam, kamar miya ba gishiri, yara na ajiye ƙulli suna komawa. Malama ta ji tana rushe abin da ya fi komai kyau a aikinta, kuma da hannunta.

Aku ta fito. Ta zube shinkafarta daidai gindin tsamiyar alli. Kakana ya noma. Muna iyaka da rafi da gidan kafinta. Ta gama, amma ba ta koma ba. Ta ɗan tsaya, bakinta a buɗe. Ba Malama take kallo ba. Bakin ƙofa take kallo, irin kallon da yaro ke yi wa akwatin da aka kulle a gabansa. Baffa ya kawar da kai yana gyara hula.

A nan Malama ta ji wani daɗi ya ratsa ta, mai sanyi, wanda ya ba ta kunya. Ta so ta ce tausayi ne ya hana ta. Wataƙila shi ne. Amma ta ga abin da tausayin ya saya mata: da an faɗi sunan, da kwana bakwai gari ya gama taunawa ya tofar. Yanzu kuwa ba a faɗa ba, kuma Aku ba ta taɓa barin tambaya ta mutu a hannunta ba.

Da aka watse, yara na kwashe hatsi a ƙasa, Baffa ya miƙe da fara'arsa. Ya ce ta kyauta, ashe har yanzu 'yarsa na jin maganar manya. Ya ce buhunsu na nan, gobe za a kawo.

Ta zo bakin ƙofar tana kakkaɓe alli a zaninta, ta rusuna kamar kullum.

"An gode, Baffa. Ni dai na daina tambaya. Saura ita, kuma a gidanka take kwana."