Waƙar da Ta Tsaya a Kan Bununi

Har yau in na ji an buga ƙarfen lakwal, wato makarantar boko, sai yunwar wata shekara ta faɗo mini a rai. A garinmu, can kusa da Kona, tsohon ƙarfen ƙafar mota aka rataya a jikin bishiyar bedi, kuma babana ne mai buga shi, don shi kaɗai ne malamin lakwal ɗin. A gida baba nake ce masa, a aji kuwa mushe, wato malam da Faransanci, kamar kowa.

Yana da wata tsohuwar waƙa da ya gada a bakin kakana, doguwa, mai bin shekarar manomi tun daga saran shuka har ranar da za a rufe rumbu. Ba ya yarda a rubuta ta, wai takarda ba ta ɗaukar murya. Ga yadda ake koyonta: mai waƙa ya ja baiti, masu sauraro su karɓa da amshi, sannan ya wuce gaba. In ba a karɓa ba, ba a wucewa. Cikin duk 'ya'yan kakana shi kaɗai ya riƙe ta, ya kuma san in ba ta shiga bakinmu ba, da shi za a binne ta.

Sai dai ya zaɓi mummunan lokaci. Shekarar ce ruwa ya ɗauke gero na ƙarami, soja na mulki, ana kawo jar dawa ta taimako daga Tasawa cikin manyan motoci. Rabin ajinmu sun bi iyayensu kudu. Mu da muka rage, tukunyar da ake ɗorawa a bayan aji ce ke kawo mu, ba karatu ba.

Bayan darasin Faransanci sai ya ajiye alli, ya lumshe ido, ya ja baiti. Muryarsa kan sauya, ta yi zurfi, har na kan ji kunya a madadinsa. Mu kuwa hancinmu na wajen hayaƙi. Wasu su yi amshin a gurguje don a sallame mu, wasu su kifa kai a tebur. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya taɓa hana mu fita cin abinci sai mun karɓa da kyau. In ya dawo gida sai ya zauna a gindin zana ya ce wa innata, "Ina ba su zinariya, suna kallon tukunya."

A haka, da ja da turjiya, muka wuce shuka a cikin waƙar, muka wuce noman farko da maimai, har gero ya fid da bununi. Rannan ya shiga baitocin kaka: damma a jere a gona, sabuwar fura da nono mai kauri, tuwon sabon gero da miyar kuɓewa ɗanya. Ya ja baitin, ya jira. Babu wanda ya karɓa. Ya sake ja. Sai wata yarinya a layin baya, wadda aka binne ƙanenta a makon, ta ɗaga hannu.

"Mushe, don Allah ka bar wannan wurin. Yunwa yake sa mu."

Ya buɗe ido ya dube ta. Sannan ya ce mu fita mu ci abinci. Bai ƙara jan waƙar a aji ba, a gida ma ban ƙara jin ta ba.

Sai da na yi aure na haihu sannan kwaɗayinta ya kama ni. Da na je gida na tarar da baba ya tsufa, ido ya tafi. Na ce, "Baba, ja mini, zan karɓa." Ya yi murna, ya gyara zama. Muka bi ta tiryan-tiryan har bununi, daga nan ya yi shiru, leɓensa na motsi. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wurin. Ya ce, "Ta tafi, ɗiyata." Ranar na yi kuka sosai a hanyar komawa.

Yanzu jikokina na zuwa lakwal da cikinsu a cike, amma in na fara ja musu, idonsu na kan waya. Ba na jin haushinsu, na san yadda kujerar mai sauraro take. Ina dai ja musu iyakar abin da na samu, in tsaya inda ya tsaya. Ƙaramar cikinsu ta taɓa tambayata, "Kaka, to yaushe za a yanke geron?" Na ce mata ban sani ba, don a bakina geron nan bai taɓa nuna ba.