Hanyar Dajin Zinariya

Har na yi gemu ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Ringim faɗi ba. Wani ɗan garinmu na Taura ya dawo daga Gabon da sabon babur, ya ce can a rafi ake tsintar zinariya kamar tsakuwa. Babu wanda ya tambaye shi dalilin dawowarsa. Na sayar da awakina, muka kama hanyar Kalaba ni da kawuna, masunci daga Haɗeja. Innata ce ta damƙa ni a hannunsa, wai shi ya san ruwa.

A Kalaba muka shiga jirgin ruwa na katako mai ratsa teku, aka loda mu a kan buhunan garin rogo da jarkokin fetur. Ƙasa na ɓacewa kawu ya rungume jarka ya fara amai.

Na ce, "Kawu, ba kai ne ka san ruwa ba?"

"Namu yana da gaɓa," in ji shi. "Riƙe mini hular nan."

Lokacin salla kuwa sai gardamar alƙibla ta tashi. Kafin a daidaita, jirgin ya juya, kowa ya yi tasa a zaune.

Ba a kai mu tasha ba. Da hantsi matuƙin ya tsaya nesa da wani kurmi, ya nuna da baki, ya ce mu sauka. Muka kutsa laka har ƙugu. Ƙasar kore shar, ruwan sama ba fashi, amma ko karan gero ɗaya ban gani ba. Na yi ta jin haushin mutanen da Allah ya ba irin wannan damina suka ƙare a rogo da ayaba.

A bakin kasuwa muka ji ana Hausa. Wani dattijo ne mai shayi, mutumin Kafin Hausa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ina hanyar dajin zinariya?"

"Da nisa, kuma an rufe shi," in ji shi. "Ni ma ita ta kawo ni, tun kaina ba furfura. Ka iya wanke kofi?"

Na iya. Kawu ya koma ɗinkin komar wasu masunta, yana zaune a kan tudu. Ni kuma na yi shekaru a teburin nan ina fasa ƙwai. In sabon zuwa ya tambaye ni hanyar daji, shayi nake fara zuba masa, in bari ya shanye tukuna.