Tsohuwa Mai Cike Tauraro

Kuwabara, mai shagon katunan wasa a Akihabara, yana kallon tsohuwar da ta shigo, 'yar firit, gashi fari fat, rungume da gwangwanin biskit kamar jinjiri. Tana fito da tsofaffin katunan ɗanta, tana goge kowanne da hankici. Wannan, in ji shi a ransa, ko mijinta sai ta kakkaɓe shi kafin ya zauna.

Ya ɗauki mai hoton dodo. Bugun farko ba shi da ɗan tauraro a kusurwa, kuma rashin nan ne ke sa kati ɗaya ya sayi mota. Wannan yana da tauraro, amma shuɗi ne, kuma a karkace.

"Iya, wa ya zana wannan?"

"Ni mana, ɗan nan. Masu bugawa ne suka yi sakaci, sauran duk suna da shi. Da biro na cike musu."

Kuwabara ya dafa tebur.

Ita kuwa tana leƙen katin da ya fi tsada a shagon, cikin akwatin gilashi, tana lalube biro a jaka. "Ka ga naka ma sun manta. Buɗe gilashin, ko yen ɗaya ba zan karɓa ba."