Keken Rahina Yana Kulle a Shagon Yaya

"Ku ajiye keken nan, budurwa ba ta ratsa Zongo a kan keke. Ni zan riƙa kai ta makaranta a babur ɗina kullum."

Maganarka ce wannan, Yaya Alhaji, ranar da ka kulle keken 'yata Rahina a shagonka. Kwana uku ka kai ta.

Tun daga nan da ƙafa take tafiya makarantarsu can cikin unguwar Agoè. Ƙarfe bakwai ake rufe ƙofar makaranta, wanda ya makara kuma tsintsiya ake miƙa masa. Darasin farko lissafi ne. Ana koyarwa a aji, ita tana share fili.

Jiya ta kawo sakamako. Yarinyar da ke cin sha huɗu cikin ashirin ta dawo shida, ga jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare saura wata biyu.

Na same ka a shago, na ce, "Yaya, ina alkawari?"

Ka ce, "Haba Hajara, ta hau zemijan mana, babur ɗin haya."

Na ce, "Wato ta zauna bayan ƙaton da ba ta sani ba babu kunya, sai kekenta ne abin kunya?"

Ka ce in rage murya, akwai mutane. To, ga mutanen.

Na ba ka zuwa Juma'a. Idan aka sauko masallaci keken bai dawo gida ba, zan zo da maƙeri a fasa kwaɗon, ni da kaina in hau shi da mayafina in ratsa layinku.

Jama'ar Zongo, ku gaya mini inda kunyar take.