Igiyar da Aka Ninka Shida a Kurgu

Shekara arba'in ke nan da rasuwar kakata, Inna Kulu, kuma har yau a danginmu akwai masu rage murya idan an ambace ta. Cewa suke ita ta raba zumunci saboda gona. Ni ce yarinyar da aka yi rigimar a kanta, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Mahaifina ya rasu a shekarar da aka sauke tutar Bature. Mahaifiyata ta riga shi. Ya bar ni, ya bar mahaifiyarsa Inna, ya bar ƙanensa Baffa Umaru mai fataucin gishiri zuwa Dahomai, da fadamar shinkafa guda a Kurgu. Liman ya faɗi rabo: ni rabi, Inna sudusi, wato ɗaya bisa shida, saura na Baffa. Inna ta ce a haɗe nata da nawa wuri ɗaya, tunda ita za ta riƙe ni.

Baffa ya tsuguna ya zana lissafi a ƙasa, ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa shida. Ya tara lambobin sama, ɗaya da ɗaya biyu. Ya tara na ƙasa, biyu da shida takwas. Biyu bisa takwas, rubu'i ke nan. Dattawa suka gyaɗa kai.

Inna ta ce, "Umaru, rabin ɗiyar ga kaɗai ya fi rubu'i. Na ƙara mata nawa, sai ya ragu? Wane irin ƙari ne wanga?"

"Inna, lissafi ne, ba sha'anin mata ba."

"To, a kirawo mai lissafin. Ina nan."

Ba ta san amsar ba. Ta dai san wannan ba ita ba ce. Ta shimfiɗa tabarma a bakin fadamar, ga ruwa ya sauka, ta hana kowa shuka. Sai da aka ɗauko malamin firamare daga Bagudo. Ya auna faɗin gonar da igiya, ya ninka ta shida daidai. Ya ce ba a tara rabi da sudusi sai an yanka su yanka iri ɗaya. Rabi ninki uku ne, sudusi ninki ɗaya, huɗu ke nan cikin shida. Ya haɗa ninkin biyu-biyu, suka koma biyu bisa uku. A nan aka kafa turke.

Baffa ya ƙetare iyaka zuwa Dahomai a wannan daminar, bai sake kwana a gidanmu ba. Ban ce da gangan ya ɓata lissafin ba. Kuskure ne da ɗalibai ke yi har gobe. Abin da na sani, kuskuren bai karkata wajenmu ba. Inna ta yi kewar ɗanta har ta koma ga Allah. Turken kuwa ba ta matsar da shi ba.

Da za ta ga yau, wayar da ke yin lissafin nan kafin ƙiftawar ido ba za ta burge ta ba. Tambaya za ta yi, don me har yanzu ake ce wa marainiya ta bari maza su riƙe mata?

Shinkafar fadamar nan ce ta kai ni makaranta. Bana jikokin Baffa sun aiko cewa a manta da baya, a haɗe gonar. Na ce su zo, ƙofa a buɗe take, tuwo na jiransu. Amma su taho da igiya.

Allah Ya jiƙan Inna Kulu.