Malam Kabiru da Maganar da Anka Yanke

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Kabiru ya rasu. Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye ƙofar shago da makulli a hannu, ko buɗewa ban yi ba.

Kuma ba kira na anka yi ba. A shafinmu na harkar kwamfuta a intanet na gani, shafin da anka cire Malam daga ciki kusan shekara biyu da sunka wuce. An sa hotonshi, an rubuta a ƙasa: "Na yi rashin ɗan'uwa, na yi rashin malami." Mu'azu ne ya rubuta.

Na kira layin Malam. Ƙanenshi Lawali ya ɗauka. Ya ce jiya bayan azahar Allah Ya karɓi abinShi, anka yi mashi sutura a Maiyama kafin magariba. Kwana tara ya yi kwance.

Na ce, "Lawali, kwana tara, ba wanda ya faɗa mani?"

Ya ce, "Sanusi, sau biyu ya ce a kira ka. Layinka bai shiga ba, sai munka kira surukinka Mu'azu, tunda unguwarku ɗaya. Ya ce zai isar."

Bai isar ba. Cikin kwana taran nan sau uku muna haɗuwa da Mu'azu a masallaci.

Ga waɗanda ba su san Malam Kabiru ba, shi ne ya fara harhaɗa kwamfuta da hannu a Jega, aƙalla a iya sanina. Ba gyara kawai ba. Ka faɗa mashi aikin da kake so, ya zaɓo kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa maka ita a gabanka. Shagonshi yana unguwar Jega Firchin, ɗan ƙarami, rufin kwano.

A nan na koyi duk abin da nake ci da shi yau.

Na zo mashi da girmana, na riga na yi aure, kasuwar takalma ta karye mani. Bai tambaye ni takarda ba. Sukundireba ya miƙo mani ya ce, "Kwance wannan, ka jera kusoshin yadda ka fidda su." Shi ke nan na zama ɗan shago.

Wata rana na ƙona babban allon cikin kwamfutar wani malamin makaranta, na sa waya a inda ba wurinta ba. Mai ita ya zo yana faɗa. Malam ya tare shi ya ce, "Hannuna ne, ka yi haƙuri, jibi ka dawo ka ɗauki abinka." Bayan mutumin ya tafi sai ya nuna mani wurin da yatsa ya ce, "Ka gani? Ba za ka sake ba."

Lokacin da mahaifina ke jinya a Aliero, shi ke goya ni a babur duk Juma'a. Ya zauna waje ƙarƙashin iccen bedi har in fito.

In albasa ta nuna, sai ka ga ya shigo da ƙulli ya aje bakin ƙofa. "Kai wa Hafsatu." Hafsatu matata ce, kuma ƙanwar Mu'azu ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ku riƙe wannan, don ita ce gaɓar maganar.

Mu uku munka buɗe shafin nan. Malam ya san kaya, ni nake ɗaukar bidiyo da wayata, Mu'azu ke gyarawa ya ɗora. Mutane sun so abin, saboda da Hausa ake yi, kuma Malam ba ya yabon abin da bai gwada ba. Har daga Sakkwato ana turo tambaya.

Sai wani dila daga Kano ya aiko da akwatin kwamfuta, wanda muke ce ma kesin, ya ce a gwada a faɗa ma jama'a.

Ban taɓa ganin irinshi ba. Matsakaici ne, bai kai manyan nan tsayi ba, amma in ka ɗaga sai ka ji nauyi a kafaɗa. Baƙi wuluk, gefe ɗaya gilashi, kana hango komi na ciki. Malam ya bi gefunan ƙarfen da yatsa, kamar yadda ya saba, ya ce, "Wanga ba ya yanka hannu, sun naɗe bakin." Ya ji daɗin wurin da sunka bari a baya na ɓoye wayoyi. Ya ji daɗin kusoshin da ake murɗawa da hannu ba sai da sukundireba ba. Wuni guda ya yi yana haɗa shi yana murmushi.

Amma ya tsaya a gaban akwatin ya daɗe. Fanka uku ne a ciki, sai dai an rufe su da murfin ƙarfe, ba kafar iska sai 'yar tsaga siririya a gefe. Ya tsinko zare daga bakin rigarshi ya riƙe a wurin. Da ƙyar zaren ya motsa.

Ya ce, "Mu bari sai gobe da rana tsaka."

Bazara ce, kun san yadda Jega take. Washegari bayan azahar ya rufe ko'ina na akwatin, ya ɗora ma kwamfutar aiki mai nauyi. Kafin la'asar fankokin na ihu kamar injin niƙa. Can sai ta ɗauke da kanta.

Ni na riƙe wayar. Ga abin da ya faɗa, da kunnena na ji:

"Jama'a, akwatin nan yana da kyau, ƙarfenshi na gaske ne, ban taɓa haɗa wanda ya kai shi daɗin aiki ba. Amma an yi shi ne don ɗaki mai sanyi. In shagonka irin nawa ne, kada ka saye shi. In ka riga ka saya, cire murfin gaba."

Bidiyon da ya fito a shafi, a kan "daɗin aiki ba" ya tsaya. Daga nan sai kiɗa, sai lambar waya. Lambar Mu'azu.

Ashe dilan ya riga ya yi mashi alkawarin shi zai zama wakilinshi a yankin nan. Kafin mako ya zagayo kwalaye sun cika zauren gidansu.

Malam ba mai zaman kallon waya ba ne, sai da anka kwana huɗu ya gani. Ya kira Mu'azu a gabana. Mu'azu ya ce bidiyon ne ya yi tsawo, kashi na biyu na nan tafe.

Ranar da yamma Mu'azu ya same ni gida. Ya ce, "Ba ni wayarka in kwashi na asalin, nawa ya lalace." Na ba shi. Da ya miƙo mani ita, babu bidiyon.

Na ce, "Yaya, mi ke nan?"

Ya ce, "Sanusi, mu fa gida ɗaya ne yanzu. Kayan nan duk abin da na mallaka na zuba ciki. Ka bari in rage su, wallahi da bakina zan fito in gyara maganar. In ka tona ni, ƙanwata ka tona."

Na yarda da rantsuwarshi.

Mutane sunka saya, don sun ga fuskar Malam. Wani Alhaji mai harkar albasa a Aliero ya ɗauki guda biyu ya sa a ofishinshi. Wani mai ɗaukar hoto a Sabon Gari ya ɗauki ɗaya. Shi abin ya fi shafa. Kwamfutar ta yi ta ɗaukewa tsakiyar aiki har ma'ajiyar bayananta ta mutu, da hotunan bikin mutane a ciki, bai riga ya wanke ba.

Ya zo shagon Malam ranar kasuwa, mutane cike da layi. Ya ce, "Malam Kabiru, da furfurarka? An ba ka abu ka sayar da mu?"

Malam ya ce, "Na faɗi kada a saya. An yanke maganata ne."

Mutumin ya ce, "Wa ya shaida?"

Malam ya juyo ya ce, "Ga Sanusi nan, shi ya riƙe wayar."

Duk ido ya dawo kaina.

Na ce, "Wallahi an daɗe, ban tuna ba."

Abin da na faɗa ke nan. Yau nake rubuta shi da hannuna, don kada wani ya ɗauka Mu'azu kaɗai na zo kama.

Malam ya dube ni kaɗan, ya juya ya ce ma mutumin, "Kawo ta in gani ko za a ceto wani abu."

A shafi kuwa, da anka fara zagi, Mu'azu ya rubuta: "Mu dai abin da masani ya faɗa munka ɗora." Bayan kwana biyu ya cire Malam daga masu kula da shafin. Na jira gyaran maganar da ya rantse zai yi. Kaya sunka ƙare, ya sake odar wasu daban, bai gyara ba. Duk sanda na tuna mashi sai ya ce, "Kai dai ka cika tone-tone, magana ta wuce."

Kun san abin da Malam ya yi? Ya nemi sunayen duk waɗanda sunka sayi akwatin. Ya bi su ɗaya-ɗaya da injin huda a jaka, Jega, Aliero, har Dangamaji wurin wani mai kemis. Ya huda murfin gaba, ya sa raga, ya juya fanka. Wasu sun buɗe mashi ƙofa, wasu sun ce ya tafi da tsiyarshi.

Aiki ya ja baya. Wanda zai kawo ma Malam sai ya kawo mani, don na riga na buɗe nawa shago. Na karɓa. Wannan ma gaskiya ce.

Kafin damina ta biyu ya rufe shago ya koma gida Maiyama, ya kama gona.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan kaka ce. Na kai wa wata makaranta firinta a Maiyama, ina dawowa na hango shi bakin hanya yana ɗaure buhu a bayan babur. Na so in wuce. Shi ya ɗago hannu.

Ya rame, amma muryar na nan. Ya ja ni inuwa, ya sa anka kawo fura. Ya tambayi Hafsatu, ya tambayi yara da sunansu. Ya tambaye ni ko har yanzu ina rufe akwati duka kafin in gwada kwamfuta, ko na koma gwajin ragwaye da gefe a buɗe. Na ce ina rufewa. Ya ce, "Madalla."

Na fara, "Malam, maganar ranar nan..."

Ya ce, "Bari, Sanusi. Na san tsakanin da kake, mai suruki ba ya sakin baki yadda ya so. Ni ban riƙe ka ba. Abu ɗaya ne ya yi mani ciwo. Da shiru ka yi, da na ce kunya ce. Amma ka ce ba ka tuna ba."

Na kasa ɗaga kai.

Ya dafa ni ya ce, "Sha furarka, rana na yi."

Da zan tafi na ce zan dawo mu zauna sosai. Ya ce, "Allah Ya kai mu." Ban koma ba. Kullum ina cewa sai na samu abin da zan je mashi da shi a baki.

Da safen nan na koma gida na nuna ma Hafsatu abin da yayanta ya rubuta. Ta karanta, ta aje wayar. Sannan na faɗa mata komi, har da saƙon da anka ba shi bai isar ba.

Ta ce, "Mutum na kwance yana kiranka, ya ɓoye?"

Na ce, "Ya ji tsoron abin da za mu faɗa ma juna."

Ta ce, "Yayana ne, ba zan canza shi ba. Amma rubuta. In Innarmu ta kira, ni zan amsa."

To ga shi na rubuta.

Yaya Mu'azu, ka rantse mani za ka gyara, na ba ka bakina a kan rantsuwar nan, ka bar ni da ita shekara biyu. Ka raba mutum da sunanshi, ka raba shi da shagonshi, a ƙarshe ka hana ni jin abin da ya kira ni ya faɗa mani. Yau kuma kai ne na farkon kuka a bainar jama'a. Ba zan zage ka ba. Amma ka sauke hotonshi daga shafin nan, ko ka rubuta gaskiya a ƙarƙashinshi.

Ku kuma da kunka sayi akwatin nan, da ku da kunka kira shi maƙaryaci a kasuwa ko a waya: bidiyo babu, an goge. Shaida ɗaya ta rage, ni ne, kuma na makara. Malam Kabiru ya ce kada ku saya. Na ji, na tuna, ban taɓa mantawa ba ko na yini ɗaya.

Yanzu zan kama hanyar Maiyama. Zan tsaya gaban 'yan'uwanshi da 'ya'yanshi a wurin zaman makoki in maimaita wannan da bakina. Wanda ya san ya faɗi wata magana a kanshi, mota na tashi daga tasha har yamma.

Ya Allah Ka gafarta ma Malam Kabiru. Ka yalwata kabarinshi, Ka haskaka shi, Ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zame mashi nauyi a mizani. Ka rufa ma iyalinshi asiri, Ka tsare su daga irin abokan da ya samu.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mashi Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura a bakinku, ku roƙa mani gafara ni ma.